Kwali Shida a Saman Kanta

Taku goma sha huɗu ne tsakanin ƙofar sito da ƙofar ɗakin wankin ciwo. Malam Babu ya san haka don shi mutum ne mai ƙirge-ƙirge, amma a shekara ashirin da uku da ya yi yana riƙe da makullan siton asibitin, sau ɗaya tak ya taɓa cika takun nan ya shiga. A makonsa na farko ne. Ya kai kwalin auduga, ya tarar ana wanke wa wani birkila hannu, ya ga jini, sai kawai ƙasa ta taso ta same shi a goshi. Da ya farfaɗo, shi ne kwance a kan gadon, birkilan na tsaye a kansa yana yi masa sannu. Tabon yana nan har yau, kuma tun da gashi ya kwashe kayansa daga gaban kan, babu mai rufa masa asiri.

Daga ranar ya raba gado: ciwo na masu fararen kaya, kwali nasa.

Sunan kuwa ma'aikatan jinya ne suka raɗa masa, bai kuma taɓa musu ba, don ya san da guminsa ya same shi. Duk wanda ya leƙo ta 'yar tagar sito ya tambayi abu, kafin ya rufe baki an ce masa babu. In ya nace, a ce ya kawo fom. In ya kawo fom, sai Malam Babu ya gyara tabarau, ya bi layi da ɗan yatsa, ya miƙe da kyar kamar wanda aka roƙa ƙoda, ya ɗauko. Ba mugunta ba ce. Ya dai lura tun da wuri cewa wanda ya ji babu ya juya, dama can ba ya buƙata.

Siton dogon ɗaki ne mai warin kwali da sabulu, da fanka ɗaya mai juyawa kamar an yi mata dole. Kantocin ƙarfe ne, hawa biyar. Hawa uku na ƙasa su ne duniyarsa: bandeji faffaɗa da siriri, auduga, filasta, safar hannu, ruwan gishirin wanke miki, da farin ƙyallen nan mai raga da ake ɗorawa a kan ciwo. Kowane kaya da katinsa a rataye, abin da ya shigo da abin da ya fita. Hawa na biyar kuwa sai da tsani, gwiwoyinsa kuma sun daɗe da yin hannun riga da tsani.

Sau ɗaya a shekara babban siton gari yakan aiko da takarda a rubuta kayan ciwon da asibiti ke so. Layi arba'in ne, babu ƙari. In kana son sabon abu, sai ka kori tsoho. Ranar Litinin ɗin makon nan kwamiti ya zauna a kanta a ofishin Manaja, Malam Babu ya baje katunansa, ya soke layi na ashirin da tara da jan biro. Wani faci ne mai soso a ciki, wanda ba ya manne wa miki. Shekara huɗu yana sito, ko guda ɗaya bai fita ba.

"Kaya ba sa ƙarya, ranka ya daɗe," ya ce wa Manaja. "Mutane ne ke yi. A ce a sayo wannan, a sayo wancan, in an kawo kuma babu mai waiwayarsa. Abin da ake buƙata yana motsi. Dubi siririn bandeji, ko zama ba ya yi."

Manaja ya gyaɗa kai yana kallon agogo. Sista, babbar ma'aikaciyar jinya mai kula da ɗakin wankin ciwo, ba ta zo taron ba, don mutum goma sha tara ke jiranta a kan benci. Aka ajiye takardar a kan teburin Manaja, sai Juma'a direba ya kai.

A cikin masu zaman bencin nan akwai yayarsa.

Yaya ta girme shi da shekara goma sha uku, ita ta goye shi, ita kuma ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shekara talatin ta yi a tsaye a ɗakin wanki da guga na wani otal, har jijiyoyin ƙafafunta suka fito kamar igiya. Ga ciwon suga ya zo ya tare. Mako bakwai da suka wuce ruwan zafi ya zubo mata a ƙwauri, sama kaɗan da idon sawu. Abu kamar wasa, ya zama gyambo mai faɗin murfin kofi, yana ruwa, ya ƙi rufewa. Ƙafar ta kumbura har takalminta ya daina shiga, sai silifas ɗinsa na wanka take sawa a hagu, nata a dama.

Kullum da safe yakan ɗauko ta a tasi, ya kai ta bakin ƙofar, taku na goma sha uku, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya koma wurin kwalayensa. In ta fito yakan ga idanunta sun yi ja, ya ɗauka rashin barci ne.

Ranar Laraba Likita ya tare shi a baranda. Matashi ne, amma aikin ya riga ya rage masa fara'a.

"Malam, yayarka ce ko? Ciwon nan baya yake yi. Na ba shi mako biyu. In bai fara cikowa ba, sai babban asibiti, a kwantar da ita, a ɗebo fata daga cinya a dasa."

"In ta ƙi fa?"

"In ta ƙi, da sugan nan, maganar ƙafa za mu koma yi, ba ta fata ba."

Ta ƙi ɗin kuwa. Tana zaune a benci da jakarta a cinya, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Can aka kai Inna da ƙafarta, a mota aka dawo mana da gawarta. Ba inda za ni, Auta."

Shekararsa hamsin da takwas, da tumbi da sanƙo da surukai biyu, amma a bakinta Auta ne.

"Yaya, zamani ya canja."

"Gadon bai canja ba. In sun gaji da ni a nan, in koma gida in ɗaure abina da tsumma. Ƙafar tawa ce ko ta gwamnati?"

Sai ga Sista ta leƙo. Doguwar mace ce, ta kusa sa'arsa, mai maganar da ba ta hawa ba ta sauka. Ta ce abokiyar aikinta ba ta zo ba, ɗanta ba lafiya, ita kaɗai ce, tana son wanda zai riƙe wa Mama ƙafa.

Malam Babu ya duba hagu, ya duba dama. Barandar cike take da mutane, amma kowa da nasa ciwon a naɗe.

"Tashi mu je," in ji Yaya. "In ka faɗi ma a gidan magani ka faɗi."

Haka ya yi taku na goma sha huɗu.

Ɗakin ya fi yadda yake tunawa ƙanƙanta. Gado ɗaya mai shimfiɗar roba, teburi mai taya, bokiti mai murfi, famfo yana ɗiga. A kan teburin ya ga kayansa duka, sai dai ba a cikin kwali ba, ya ji kamar ya haɗu da maƙwabta a bakin kogi ba riga. Ya tallabe diddigen Yaya da hannu biyu, ya kafa ido a kan wata kalanda da ta wuce da shekara biyu.

Sista ta warware bandeji. Ta zuba ruwan gishiri a kan ƙyalle mai raga, ta jira, ta ƙara zubawa, ta jira. Sannan ta kama gefensa da hantsaki ta fara ɗagawa a hankali. Ƙafar ta yi tsalle a hannunsa. Yaya ba ta yi kuka ba, wani sauti ne ya fito ta hancinta, irin wanda bai taɓa ji daga gare ta ba ko ranar da mijinta ya rasu. Abin da ya sa ya duba ke nan.

Zaren ƙyallen ya nutse cikin naman. Duk inda ya ɗago, yana tafe da wani abu ja-ja mai laushi, jini kuma na tsattsafowa a gurbinsa. Kunnuwansa suka fara ƙara. Ya ciji leɓe, ya ƙirga kwalaben da ke kan teburi, ya sake ƙirgawa.

"Ka gani ko?" in ji Sista, ba tare da ta ɗago ba. "Wannan ja-jan sabon nama ne. Jiki ya kwana yana gini, ni in zo da safe in rushe. Mako bakwai ke nan muna haka, ni da jikin Mama."

"Ba dabara?"

"Dabarar ke nan kake gani, jiƙawa. Da akwai facin nan mai soso, da ya shanye ruwan, ba ya kama nama, kwana uku ma sai ya yi ba a taɓa ba. Ba shi ne maganin duka ba, amma aƙalla da na daina ɓarna da hannuna." Ta jefa ƙyallen a bokiti. "To, babu."

Malam Babu ya ji bakinsa ya yi magana ba da izininsa ba.

"Akwai."

Famfo ya ɗiga sau uku.

"Akwai me?"

"Mai soson. Kwali shida. Suna sama."

Sista ta ajiye hantsaki a faranti, a hankali, kamar mai tsoron kada ta yi wani abu da shi.

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu. Biyar suka fara zuwa, ɗaya daga baya. Ba wanda ya nema."

"Na nema. Na tsaya a tagarka na tambaya, ka ce babu."

"Lokacin babu ne."

"Shi ya sa na rubuta wa kwamiti. Ban sake jin komai ba, na ɗauka sun yi abin da suka saba."

"Sun amince. Aka kawo, na jera, na buɗe kati, na zauna jiran fom."

Ta cire safar hannu ɗaya, ta jawo aljihun teburi, ta zaro fom ta miƙa masa har kusa da hanci. Ya san takardar kamar tafin hannunsa. Shi ya buga ta da tafireta shekara goma sha biyar da suka wuce, tun daga nan hotonta kawai ake yi, hoton hoton hoto, har haruffan sun yi ƙiba. Layi ashirin da biyu, kowane da ɗan akwatin da za a rubuta adadi. A ƙasa, da manyan baƙaƙe, gargaɗin da ya fi alfahari da shi: kada a ƙara komai da hannu.

"Nuna min layinsa, Malam."

Ya bi takardar da ido daga sama har ƙasa, kamar mai fatan layin ya tsiro don kunya. Bai tsiro ba.

Yaya ta ɗago kai daga matashi ta dube shi, ta dubi Sista.

"Wai me ake ciki? Maganin yana ɗakinsa?"

"Yana ɗakinsa, Mama."

"Kaza ta kwana a kan dami ke nan." Ta mayar da kai. "Tun yana yaro haka yake. A ba shi alewa ya ɓoye har tururuwa ta cinye."

Tsanin yana bayan ƙofar sito, tsintsiya da mofa sun mayar da shi marataya. Ya hau, gwiwoyinsa suna faɗin ra'ayinsu a kowane mataki, Sista na riƙe da ƙasan. Kwalayen na nan a jere yadda ya bar su, tsaf, baki ɗaya, an juyo da rubutunsu waje. Ko a wannan halin sai da wani ɓangare na zuciyarsa ya yaba jerin. Ya miƙo mata ɗaya bayan ɗaya, tana duba kwanan watan da ke gefe.

"Wa'adinsa ya wuce. Wannan ma. Wannan tun bara."

Biyar sun tafi. Na shida, wanda ya zo daga baya, saura mako bakwai.

"Waɗannan ɗin fa, ai a rufe suke," ya ce daga saman tsani. "Ko iska ba ta taɓa su ba. Kwanan wata ai rubutu ne kawai."

"Kai ne yau kake cewa rubutu ne kawai?" Ta ɗora na shidan a ƙugu. "Miki a buɗe, mai suga. In kana so a gwada a ƙafar yayarka, sauko ka sa da hannunka."

Bai sauko da wuri ba.

Guda hamsin ne a kwalin. Da rana, bayan an sa wa Yaya na farko ta tafi gida, ya leƙa ɗakin wankin ciwo, daga bakin ƙofa, ya tarar Sista ta riga ta buɗe na biyar. Akwai mai walda da ya ƙone a dantse, da wata tsohuwa mai gyambon kwanciya, da mai gidan burodi, da wani direban babbar mota. Lissafi ya zo masa da kansa, yadda yake zuwa kullum: mutum biyar, duk kwana uku, wata ɗaya kwalin ya ƙare. Ciwon Yaya kuwa ko ya juyo, ba zai rufe a wata ɗaya ba.

"Sista, da an ware ashirin a gefe."

"Na wa?"

Ya gyara tabarau.

"Ga su can a benci," ta ce. "Je ka zaɓi wanda za ka faɗa wa babu. Ai ka iya."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na san abin da kake nufi, kuma ban ga laifinka ba, ni ma ina da 'yan'uwa. Amma hanyar ba ta nan take ba. Ka sa a kawo wani. Yana cikin takardar bana ai?"

Ya shafa tabon goshinsa.

"Malam. Yana ciki?"

"Na soke shi ranar Litinin."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi sauƙi. Ta dai dube shi irin kallon da ake yi wa ruwan sama ranar da aka yi shanya, ta kira na gaba.

Ya koma sito ya zauna gaban kwalaye biyar matattu. Abin a fili yake. Kafin a mayar da layin, sai ya faɗa wa Manaja dalilin da ya sa kayan da ya rantse ba a buƙata yanzu ake buƙatarsu da gaggawa. Kafin a nemi kawowar gaggawa, sai an cike takardar zubar da kwali biyar, da dalili, da sa hannun mai sito. Saura shekara biyu ya yi ritaya, fayil ɗinsa kuma fari fat, ko ɗigon jan biro babu. Wasu mazan suna da gida, wasu suna da mota, shi fayil gare shi. Yakan ambace shi a gida fiye da yadda ya kamata, har matarsa ta taɓa tambaya ko za a iya dafa shi.

Akwai wata hanyar, ya kuma san ta, don duk mai sito ya san ta. Kwali biyar su koma sama, su juya fuska bango, su jira wanda zai gaje shi. Ya ɗauki ɗaya ya auna nauyinsa a hannu. Ba nauyi, kamar iska. Sai sautin nan na hancin Yaya ya dawo masa. Ya ajiye.

Saura matsala ɗaya: layi arba'in. In ashirin da tara zai dawo, wani zai fita. Ya jawo katuna zai duba wanda ba ya motsi, sai hannunsa ya tsaya. Katin nan ne ya kai shi inda yake.

Ranar Alhamis ma'aikata suka ga abin da ba su taɓa gani ba: Malam Babu ya kulle sito da rana tsaka yana zagaya asibiti da ɗan littafi, yana bin kayansa ya ga inda suke kwana. Ya tarar ana yanka babban ƙyalle mai raga gida huɗu, saboda ƙaramin da yake kawowa ya cika ƙanƙanta. Ya tarar filastar da ya fi so tana ɗaye fatar tsofaffi. Amma siririn bandeji, zakaran katunansa, wanda ya yi wa kirari a gaban kwamiti, shi ya fi ba shi labari. Da shi aka ɗaure labulen ɗakin haihuwa. Da shi aka rataye robar ƙarin ruwa a ƙusa. A ofishin kati, shi ke ɗaure tsofaffin fayiloli dami-dami. Ƙofar banɗakin maza da shi ake jawo ta. A bayan gini ya ga direba a tsugune yana ɗaure salansar motar asibiti.

"Wannan fa?" in ji Malam Babu.

"Kai, Malam, Allah ya yi maka albarka da shi. Ya fi waya riƙo."

Ya tambayi Sista sau nawa take naɗa shi a jikin mutum. Ta yi tunani da gaske.

"In yatsa ne. Shi ma faffaɗan nake tsagawa, ya fi kyau."

Shekara goma sha biyar yana ciyar da asibiti igiya, yana kiranta buƙata.

Juma'a da sassafe ya riga Manaja zuwa ofis. Ya ajiye kwali ɗaya daga cikin matattun a kan teburi, da fom ɗin, da katin da babu komai a layin fita. Ya yi bayani daga farko har ƙarshe a tsaye, bai sa sunan kowa ba sai nasa. Ya lura abin bai kai minti huɗu ba. Ya ɗauka zunubin shekara huɗu zai fi haka tsawo.

Manaja ya cire tabarau ya murza idanu.

"Ba kai ne ka ce kaya ba sa ƙarya ba?"

"Ba su yi ba, ranka ya daɗe. Ba a tambaye su ba ne."

"Ka san sai na ba ka takardar gargaɗi. Kwali biyar ba abin da zan rufe ba ne, masu bincike za su gani."

"Na sani."

"Za ta shiga fayil."

"Ai ya daɗe yana jin kaɗaici."

Manaja ya dube shi ya ga ko wasa yake. Shi kansa bai tabbata ba. Aka mayar da layi na ashirin da tara, aka soke siririn bandeji, aka cike takardar gaggawa. Manaja ya ce in babban sito sun ga dama, mako uku. In ba su ga dama ba, Allah ya sani. Direba ya karɓi takardun a cikin ambulan, ya ji abin da aka soke, ya tafi yana gunaguni a kan salansa.

Mako biyun suka wuce yadda irinsu ke wucewa, da tasi, da benci, da awon suga, da faɗa a kan shayi. Duk kwana uku yanzu ake buɗe ciwon, duk ranar kuma Yaya takan ce ya shigo ya riƙe ƙafa, ko da abokiyar aikin Sista ta dawo. Ya gane hukunci ne, bai ɗaukaka ƙara ba. Facin yakan ɗago salin-alin, jiƙe da ruwa, ba ya tafe da komai. Sau ɗaya kawai ya nemi kujera.

A sito, ya sa an buga sabon fom a kwamfuta, layi arba'in cif, da wasu layuka uku a ƙasa babu komai a kansu. Sista ta karanta, ta ce saura ya riƙa aiko mata da labari duk ranar da sabon kaya ya shigo. Ya ce wannan ba ya cikin tsari. Ta ce ya sa shi. Babban sito kuwa shiru. Ya buga waya sau shida, sau shida wani mutum mai murya irin tasa sak ya ce masa babu, ya kawo takarda. Ya ce an kawo. Aka ce to ya jira. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ranar Laraba ta biyu Likita ya shigo da 'yar rular takarda. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya duba abin da ya rubuta a baya, ya sake aunawa. Gefen ciwon ya yi wani siririn zobe mai ruwan hoda, tsakiyar kuma ja mai kyau, ba jini.

"Ya ragu," ya ce. "Ba da yawa ba, kamar faɗin farce. Amma ya juyo."

"To babban asibitin fa?" in ji Malam Babu.

"A bar shi tukuna. In aka ci gaba a haka, wata biyu, wataƙila uku. In aka koma wa mai raga, mun koma gidan jiya. Akwai isasshe?"

Sista ta dubi Malam Babu. Shi ma da akwai wanda zai duba, da ya duba.

"Saura ashirin da biyar," ya ce. "Na kwana goma sha biyar. Gobe zan je babban siton da kaina in zauna a tagarsu. Na san irin mutumin. In ka ƙi tafiya, tashi yake yi."

A waje suka zauna a benci suna jiran tasi. Rana ta fara zafi. Takardar gargaɗin da aka ba shi da safe tana aljihun gaba, ta leƙo, Yaya ta zare ta ba tare da ta tambaya ba. Ta riƙe ta nesa da ido, ta karanta a hankali, bakinta na motsi.

"Sakaci," ta ce. "Shekara ashirin da uku, sai yau suka san kana aiki a nan."

"Yaya, ki yi haƙuri. Mako bakwai ɗin nan—"

"Kai dai nemo mana mota." Ta ninke takardar ta mayar masa a aljihu, ta daddanna da tafin hannu yadda take yi wa kwalar rigarsa ta makaranta. Sannan ta miƙe ƙafar hagu ta dubi silifas ɗin. "Wannan kuma ka cire rai da shi sai bayan wata uku. Ka sayi wani, ka daina shiga wanka da ƙafa ɗaya. Matarka ta faɗa min."

Tasi ta tsaya. Ya tallabe ta ta shiga, ya ɗaga ƙafar da hannu biyu ya ajiye a ciki, ya rufe ƙofa a hankali. Sannan ya juya ya nufi sito, yana lissafin motar da zai hau gobe da irin takardun da mutumin can zai ce bai kawo ba.